Kashin Yawo da Hukuncin Tsiron da Ba Wanda Ya Shuka

Kashin yawo tsiro ne mai kwanan shekara guda. Yana fitowa da ruwan farko, ya yi fure a tsakiyar damina, ya zubar da iri, ya bushe kafin hunturu ya kankama. Ba a shuka shi, ba a kuma sayar da irinsa a kasuwa, amma a ƙasar Mugulbu da ke Ƙaramar Hukumar Mubi ta Kudu, kamar sauran karkarar da ke shimfiɗe tsakanin kogin Yedzaram da duwatsun Mandara, mai bin burtali ko gefen gonar gyada da kaka ya san shi da ƙafarsa tun kafin ya san shi da ido. Masana tsirrai suna kiransa Acanthospermum hispidum, sunan da Augustin de Candolle, ɗan ƙasar Suwizalan, ya raɗa masa a 1836. Danginsa na daga cikin mafiya girma a duniyar tsirrai masu fure, da ire-ire sama da 20,000, kuma a cikinsu akwai shuwaka da ake miya da ita, da latas, da dayi da raƙuma ke ci.

Gane shi ba shi da wuya ga wanda ya tsaya ya duba. Tsayinsa yakan kai gwiwa, wani lokaci ƙugu idan ƙasa tana da taki. Karansa a tsaye yake, lulluɓe da gashi mai kaushi, kuma yana rabuwa gida biyu, kowane reshe ya sake rabuwa biyu, har tsiron ya baje sama. Ganyayensa suna fitowa biyu-biyu suna fuskantar juna, manne da kara ba tare da wani dogon tsinke ba, bakinsu da ɗan haƙori-haƙori. Idan aka murza ganyen yana da ƙamshi mai ɗan hawa kai, a baki kuwa ɗaci ne. Furen ƙarami ne ƙwarai, ruwan ɗorawa mai haske, yana zaune daidai inda reshe ya rabu. Abin da ido ke ɗauka fure guda, taro ne na ƙananan furanni da yawa a kan gindi ɗaya, kuma wannan ita ce alamar dukan dangin. Na gefe mata ne, su ke yin 'ya'ya. Na tsakiya aikinsu ba da garin barbara kawai. Idan 'ya'yan suka nuna sukan buɗe a kewaye, biyar zuwa goma, kowane da faɗi a sama da tsini a ƙasa, jikinsa cike da ƙananan ƙayoyi masu lanƙwasa, da dogayen ƙayoyi biyu a ka.

Ana yawan haɗa shi da wasu tsirrai biyu masu ƙaya, ko da yake ba dangi ba ne. Ƙarangiya ciyawa ce 'yar uwar gero, ganyenta siriri ne dogo, 'ya'yanta suna jere a kan zangarniya. Tsidau kuwa yaɗo yake yi a ƙasa, ganyensa ƙanana ne a jere gefe da gefe, furensa mai kunne biyar a buɗe, ƙayarsa kuma mai ƙarfi ce da ke huda takalmi. Kashin yawo shi kaɗai ne a cikinsu ke tsayuwa ya yi rassa biyu-biyu.

Yadda yake tsirowa shi ne ke bayyana yawansa. Irinsa yana son ya kwanta kusa da fuskar ƙasa. Wanda garma ta binne da zurfi ba ya iya fitowa. Ba duka iri ne ke farkawa a damina guda ba, wani yakan kwanta sai baɗi ko baɗin baɗaɗa, shi ya sa gonar da aka share tas a bana takan sake fitar da shi. A yankin Mubi, inda ruwa ke sauka daga Mayu zuwa Oktoba, tsiron da ya fito da ruwan shuka yakan yi fure kafin ya cika wata biyu, kuma kafin a cire gyada ƙayarsa ta riga ta ƙosa. Ɗalibin da ke son rainonsa don nazari, a Jami'ar Jihar Adamawa da ke Mubi ko a wata makarantar aikin gona, ba ya bukatar komai sai busassun 'ya'yan bara, da ƙasa mai sauƙi, da rana. Ya yayyafa su a sama, ya ɗan rufe, ya bar wa ruwa sauran. Wahalar tana wajen hana shi bazuwa. Ƙayoyinsa masu lanƙwasa suna maƙalewa a jelar saniya, da gashin tunkiya, da bakin zane, da buhun hatsi, kuma Mubi gari ne mai babbar kasuwar shanu, inda dabbobi ke shigowa daga Kamaru da Cadi a kuma loda su zuwa kudu. Dabba ba ta cin sa idan tana da zaɓi. Saboda haka duk inda kiwo ya yi yawa har ciyawa mai daɗi ta ƙare, a mashekari, a bakin mashaya, a kan juji, shi ne ke samun fili.

Asalinsa ba na Afirka ba ne. Daga yankunan zafi na nahiyar Amurka ya fito, ya ƙetaro teku bayan da jiragen ruwa suka haɗa gaɓar can da ta nan. Daga wannan nahiya ce kuma masara da gyada da rogo da barkono da tumatir suka zo. Gonar da ake nome kashin yawo daga cikinta don a ceci gyada, baƙi biyu ne 'yan ƙasa ɗaya ke takara a cikinta, ɗaya an gayyace shi, ɗaya ya biyo kaya.

Ɓarnarsa ba ƙarama ba ce. Yana ƙwace ruwa da taki daga gyada da wake da auduga, yana sa cirar gyada ta zama azaba ga hannu, yana shiga harawa ya rage mata daraja, yana shiga tsakanin kofaton dabba ya bar miki. A nan ne tambayar ke tasowa, kuma tsohuwar tambaya ce da manomi ke yi a gona kamar yadda malami ke yin ta a zaure: don me aka halicci abin da ba wanda ya nema, wanda kuma cutarsa ta fi amfaninsa fitowa fili?

Amsar da ta fi saurin zuwa baki ita ce: ai magani ne. Akwai gaskiya a ciki. Masu maganin gargajiya a Afirka ta Yamma suna dafa ganyensa don shawara da zazzaɓi da ciwon ciki. Sai dai amsar ba ta da ƙarfin ɗaukar nauyin da ake ɗora mata. A 1978 masu bincike a Sudan sun ba awaki wannan tsiro, suka ga ya lalata musu hanta da ƙoda, wato abin da ake sha don ciwon hanta yana iya zama guba ga hantar idan aka wuce kima. Matsalar da ta fi wannan girma kuma ita ce ta tunani. Wanda ya ce an halicci tsiro don yana magani, ya yarda ke nan cewa duk halittar da ba a gano mata amfani ga ɗan Adam ba ana bin ta bashin hujja. Tsiron nan ya daɗe yana rayuwa a Amurka kafin wani manomin ƙasar Mubi ya taka shi, kuma akwai dubban danginsa a duwatsu da dazuzzuka da ba wanda ya taɓa tsinka. Idan amfanin mutum shi ne ma'auni, to mafi yawan halitta ta faɗi jarrabawa, kuma babu mai imani da zai karɓi wannan sakamako.

Malaman tauhidi sun bi wata hanya dabam. Littafin da ya fi kowane yawo a zaurukan ilimi na ƙasar Hausa da Adamawa a wannan fanni shi ne Ummul Barahin na Muhammad ɗan Yusuf al-Sanusi, malamin Tilimsan da ya rasu a 1490, wanda Fulani suka mayar da shi karatun Kabbe da harshensu. A bisa tafarkin Ash'ariyya da ya bi, babu wani abu da ya zama tilas a kan Allah, kuma babu wata bukata da ke tura Shi ga aiki. Mu'utazilawa sun ce wajibi ne Ya yi wa bayi abin da ya fi musu maslaha; Ash'ariyya suka ƙi wannan, domin mai bukata ne ake tilasta wa, kuma wanda aka ɗora wa wajibi yana da wani a samansa. Wannan bai sa suka ce ayyukansa ba su da hikima ba. Ƙarshen Suratu Ali Imrana ya siffanta masu hankali da cewa suna tunani a kan halittar sammai da ƙasa har su kai ga shaidar cewa ba a yi ta a banza ba. Abin lura shi ne wannan shaida ba ta jiran a lissafa amfanin kowane abu ɗaya bayan ɗaya. Hikima tabbatacciya ce ko an gano ta ko ba a gano ba, kuma gano ta a wani wuri ba ya nufin an ƙure ta. Suratul Isra'i ta ƙara da cewa kowane abu yana tasbihi ta hanyar da mutane ba su fahimta. A wannan mahanga tsiro yana da fuska biyu: wadda ke kallon manomi, da wadda ke kallon Mahalicci, kuma hukuncin manomi a kan ta farko kawai yake iya faɗawa.

Akwai wani hukunci na fiƙihu da ke nuna haka a aikace, kuma duk alhajin da ya tashi daga Adamawa yana shiga ƙarƙashinsa. A shekarar buɗe Makka, ta 8 bayan hijira, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bayyana alfarmar Harami, ya hana a sare ƙayarsa, a yanke ciyawarsa, ko a razana namun dajinsa. Baffansa Abbas ya nemi a keɓe izhir, wata ciyawa mai ƙamshi da mutanen Makka ke bukata a gidajensu da sana'o'insu, aka keɓe ta. Malaman Malikiyya sun bambanta tsakanin abin da al'adarsa ya fito da kansa, wanda aka hana yankewa, da abin da al'adarsa mutane ke shukawa, wanda aka halatta. Suka kuma haɗa filasko da izhir saboda bukatar magani. Wasu malamai a wasu mazhabobi sun yi rangwame kan ƙayar da ke cutar da masu wucewa. Duk da wannan saɓani, tushen hukuncin abin mamaki ne ga mai tunanin gona: a wuri mafi tsarki, kariya ta faɗa ne a kan tsiron da ba wanda ya shuka, har da mai ƙaya, alhali shukar mutum an bar wa mutum ita. Da a ce amfani ne kaɗai ke ba tsiro matsayi, da hukuncin ya zo a juye.

Mugulbu ba Harami ba ce, kuma babu malamin da zai hana manomi noman firi ko maimai. Shari'a ma kwaɗaitarwa take yi. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da ya kawar da reshen ƙaya daga hanya aka gafarta masa, kuma an lissafa gusar da abin cutarwa daga hanya cikin rassan imani. Don haka yaron da ya tuge kashin yawo daga hanyar makaranta, inda ƙannensa ke bi ba takalmi, aikin lada ya yi. Abubuwa biyun ba sa karo. Cewa halitta ba banza ba ce magana ce a kan Mahalicci. Cewa a cire ta daga gona magana ce a kan aikin bawa. Mai ganin karo a tsakaninsu yakan faɗa ɗayan ramuka biyu: ko ya naɗe hannu ya ce ƙaddara ce ta cinye gonar, ko ya ɗauki tsiron a matsayin abokin gaba da za a shafe daga bayan ƙasa.

Ramin farko littafin Sanusi da kansa ya toshe shi. Ya koyar cewa sababi ba ya aiki da ƙarfin kansa, Allah ne ke halittar sakamako a lokacin da sababi ya samu, kuma Suratul Waƙi'a ta tambayi masu huɗa ko su ne ke fitar da tsiro. Amma ya kuma koyar da hukuncin al'ada, wato ɗaurin da Allah Ya yi tsakanin abu da abu bisa maimaituwa. Ruwan da ke tsirar da gyada shi ke tsirar da kashin yawo, kuma al'ada ta gudana cewa wanda ya bar shi ya yi 'ya'ya bana zai same shi ninki baɗi. Ƙin aiki da wannan sani ba tawakkali ba ne. Bayan haka, kaso mai yawa na abin da ake kuka da shi hannun mutum ne ya jawo: mutum ne ya ƙetaro da irin, mutum ne ya tara dabbobi a ƙuntataccen fili bayan gonaki sun cinye burtali, mutum ne ya bar gefen gona ba shara. Kafin a kai ƙara ga ƙaddara, ya kamata a ware rabon da ke na sakaci.

Rami na biyu shi ne ya fi hatsari a yau, domin kayan aikinsa suna da arha. Maganin feshi ya shiga kowane ƙauye, kuma goyon famfo ya fi duƙawa da fartanya sauƙi. Matsalar ita ce maganin da ke ƙone duk wani kore ba ya tambayar suna. A filin da kashin yawo ke fitowa, a nan tafasa ke fitowa, da gasaya, da lalo, da zaƙi-banza, ganyayen da ke riƙe tukunyar talaka a watan marka lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Wanda ya fesa gefen hanya duka don ya huta da ƙaya, ya ƙone miyar maƙwabciyarsa bai sani ba. An ruwaito a Buhari da Muslim cewa an zargi wani annabi daga annabawan farko da ya ƙone gidan tururuwa baki ɗaya saboda guda ɗaya ta cije shi. Ma'aunin da ke cikin wannan ruwaya a bayyane yake: a tunkuɗe cuta gwargwadon cutar, kada a wuce.

A nan ne sanin tsiro da siffarsa ke tashi daga sha'awar masana ya zama sharaɗin adalci. Ba a iya tsayawa a kan gwargwado sai an san wane ne mai laifi. Suratul Baƙara ta haɗa halifancin Adamu a bayan ƙasa da sanar da shi sunaye, kuma duk yadda masu tafsiri suka faɗaɗa ma'anar, ba ta rasa nuni ga cewa wanda aka ba riƙon abu an so ya san abin da yake riƙo. Wannan ilimi ya daɗe a hannun manoma da makiyaya da mata masu tsinkar ganye. Lokacin da John Dalziel, likita ɗan Sikotilan da ya yi aiki a Arewacin Najeriya, ya buga littafinsa na sunayen tsirrai da Hausa a 1916, abin da ya tattara ilimin waɗannan mutane ne. Kafin shi kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya yi rubuce-rubuce a kan magani bai ga hakan ya rage masa malanta ba. Abin damuwa ne ƙwarai a ce yaron da ya tashi a ƙauye ya kai ga kiran duk abin da bai shuka ba da suna guda, ciyawa, domin daga ranar da sunaye suka ɓace masa, bambancin tafasa da kashin yawo ya ɓace masa, kuma hukuncinsa a kansu zai zama ɗaya.

Ƙasar Mubi gida ce ga Gude da Fali da Njanyi da Fulani da Hausawa, Musulmi da Kirista suna noma kunya kusa da kunya, kuma Kiristoci ma suna da tasu maganar a kan wannan. Littafin Farawa ya ambaci ƙaya da sarƙaƙƙiya cikin wahalar da ta biyo saɓon Adamu, wato ya ɗaura su da faɗuwar ɗan Adam, abin da tauhidin Musulunci bai yi ba. Amma a babi na 13 na Matiyu akwai misalin mai gona da ya hana barorinsa gaggawar tuge muguwar ciyawa, don kada su tuge alkama tare da ita. Ko da yake misalin yana magana ne a kan mutane da ranar hisabi, ya ginu a kan abin da kowane manomi ya sani, cewa mai cirewa ba da sani ba yakan yi ɓarnar da ta fi ta ciyawar.

Sauran abin da ake ɗauka daga irin wannan tsiro shi ne gajartar kwanansa. Suratul Kahfi da Suratul Hadid sun buga misalin rayuwar duniya da tsiron da ruwa ya raya, ya yi kore, sannan ya bushe ya karairaye. Itacen kuka ko tsamiya ba ya nuna wannan a idon mutum ɗaya, domin yakan riga shi zuwa ya kuma bar shi a baya. Tsiron shekara guda ne ke kammala zagayen a gaban mai kallo cikin wata biyar ko shida. Mai nazarin kashin yawo zai ƙara lura da cewa busasshen karan da ake gani a Nuwamba ba shi ne ƙarshen lamarin ba, domin duk ƙarfin da tsiron ya tara ya zuba shi cikin iri, irin kuma yana kwance a ƙasa tsawon rani har ruwa ya dawo. Alƙur'ani ya sha kafa hujjar tashin matattu da rayar da ƙasa bayan mutuwarta, kuma wannan hujja ba ta bambanta tsakanin shuka da ciyawa ba.

Ta fuskar aiki, abin da ya dace da duk waɗannan ƙa'idoji shi ne a tare tsiron da wuri kuma a inda yake cuta. Ana nome shi yana ƙarami, kafin ya yi fure, lokacin da saiwarsa ba ta kama ba kuma babu ƙaya a jikinsa. Wanda ya riga ya yi 'ya'ya ana tuge shi ne a tara a ƙone a wuri guda, domin idan aka yar da shi a kan juji, taki zai mayar da irin gona. Huɗa mai zurfi tana binne wanda ya zube. Ana tsefe jelar dabbar da aka sayo daga kasuwa kafin ta shiga garke, ana tsince irin gyada da wake kafin shuka, ana kuma hutar da filin kiwo idan da hali, domin ciyawa mai kauri tana hana shi samun rana. Tun da iri yakan kwanta fiye da shekara, aikin yana bukatar damina biyu ko uku a jere kafin a ga gona ta yi sauƙi. Wanda ya fito a gindin dutse ko a kufai, nesa da gona da hanya da mashaya, babu wata cuta da ake tunkuɗewa da cire shi.